Shekarar da Muka Yi Daɓe a Marka

Bana ma ruwa ya shigo mana gida. Bai zo da hauka ba, a hankali ya biyo ta rariya da hantsi, ya kewaye turmi, ya kwashi takalman mutane ya kai su zaure, ya yi zamansa har ya gaji, sannan ya janye ya bar mana laka har idon sawu. Da rana ta buɗe sai ga 'yan unguwa sun yi sallama, samari da 'yan mata, da shebur da baro da dogayen takalman roba. Jikata Ummi ce a gabansu, wai ƙungiya gare su, gida-gida suke bi suna kwashe laka don Allah. Suka ɗora ni a kan kujera a tsakar gida inda nake hango ko'ina. Ina sa musu albarka ke nan sai na ga Ummi ta shiga lungun da ke bayan ɗakina, ta sunkuya za ta ɗaga tsohuwar tukunyar nan da ke kife a gindin katanga.

"Ke! Sake ta."

"Kaka, ai ta tsage. Sauro kawai take tara miki."

"Na ce sake ta. Ko ubanki da gemunsa bai taɓa ɗaga ta ba."

Ta sake, ta kaɗa kai, ta ce wa ƙawayenta tsohuwar nan akwai rigima. Suka yi dariya suka ci gaba da aiki. Ni kuwa tuni na bar wurin. Warin lakar ne ya ɗauke ni. Lakar ambaliya warinta daban ne, akwai ruɓaɓɓen kara a ciki, akwai ƙarnin kifi, akwai wani sanyin ƙamshi na ƙasar da ta daɗe ba ta ga rana ba. Na taɓa shaƙarsa har ya cika mini ciki, kuma ga shi har yau bai fita ba.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Magana ta sarki ce da hakimansa, dogari ɗaya in ya shigo gari da jar riga har kaji sai sun nutsu. Ni ina amarya a gidan nan na gefen Roni, shekara ba ta zagayo mini ba. Daminar ta faɗi da wuri, aka yi shuka ana murna, aka yi noman firi, aka yi maimai. Da Marka ta shiga sai sama ta rufe ta ƙi buɗewa. Ba ruwan tsawa da iska ba ne, irin siririn nan ne mai naci, ka kwanta da shi ka tashi da shi. Jinka ta jiƙe ta yi baƙi, bango ya tsatso, tabarma ta yi fumfuna, wanki ya ƙi bushewa sai dai a sa shi da danshinsa. In za a hura wuta sai an bi maƙwabta neman garwashi a kasko, a rufe da faifai a rugo da gudu, itacen kuma ya yi ta kuka yana fitar da kumfa, hayaƙi ya cika ido.

Ga yunwa. Rumbu ya kai ƙasa, gero a gona ya yi ciki amma bai kai tumu ba. Da safe surukata, wadda muke ce wa Inna, ta auno ɗan abin da za ta auno, in surfa, in daka a ƙarƙashin rumfa saboda yayyafi, a dama kunu ruwa-ruwa. Da rana sai tafasa da rama, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Da yamma tuwo, irin wanda yara ke cinyewa su lashe akushi su zuba maka ido. Ni kuma a lokacin akwai abin da nake ɗauke da shi wanda daga ni sai Allah, ko mai gidan ban gaya wa ba. Wa zai buɗe baki ya faɗi cikin fari? Sai dai in ɗaura zane sama-sama, in jiri ya ɗebe ni in dafa turmi, in ya sake ni in ɗauki taɓarya.

Ran nan wani Bafillace ya biyo da shanunsa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce Kwarin Tsamiya ta tafi. Wani ƙauye ne a hanyar Kazaure, a gindin dutse, da 'yar kasuwarsa. Rafin da ke saukowa daga tsakanin duwatsu ne ya ƙi hanyarsa ya bi ta cikin gari. Allah ya taimaka da rana tsaka ne, mutane suka haye dutse da 'ya'yansu, ba a rasa rai ba sai na awaki da kaji. Da la'asar sanƙira ya zaga da ganga. Ya ce wannan ba aikin tilas na hukumar En'e ba ne, ba dogari, ba kamu, gayya ce, mai niyya ya fito da safe da abin aikinsa.

Yaya Hansai ce ta fitar da ni. Yayar mai gidana ce, aurenta ya mutu tana zaune a gida, doguwa, in ta yi dariya a bakin rijiya ana ji a kasuwa. Ita ce zabiyar daɓe a garinmu. Duk ɗakin amaryar da za a daɓe, ita ke ba da waƙa, mata na amsawa suna buga ƙasa da madaɓi har ta yi tauri ta yi sheƙi. Ta ce wa surukata, "Inna, ba ni amaryar nan ta sha iska, ta zauna a ɗaki har ita ma ta fara fumfuna." Ta dafa wake da tafasa a sabuwar tukunyarta, wadda take ajiya wai ta ɗakin mijin da bai zo ba tukuna, don duk tukwanen gidan ita ce babba. Ta ɗora a ka, muka bi sahun mutane.

Tafiyar nan har yau ban tabbata a farke na yi ta ba. Ruwan ya ɗauke da asuba, sama ta wanke tas. Ko'ina ka duba ruwa ne kwance ba ya motsi, gajimare a sama, gajimare a ƙasa, mu muna tafe a tsakani da zannuwa a tattare. Gero ya tsaya a ruwa har ƙugu. Balbelu sun jeru a kan suri ba sa ko tashi in mun wuce. Duwatsun Kazaure daga nesa suna fitar da tururi, sai ka ga dutse ya ɓace, ka sake dubawa ka ga ya dawo. Wani ƙoƙo ya wuce mu shi kaɗai a kan ruwa, da ludayi a cikinsa, ba wanda ya tare shi, kowa ya bi shi da ido har ya shige gona. Yunwa ce ko juna biyu ne, oho, ni dai ji nake ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Muka isa. Gari ya narke. Katangu sun zauna kamar curin fura a cikin nono, jinka nan da can ta sauko ƙasa tana zaune lafiya ƙalau ba ɗaki a ƙarƙashinta. Duk abin da yake na itace ruwa ya kwashe ya tara a gindin babbar tsamiyar bakin rafi, turame da taɓare da akusa da kujeru da madaɓai, matan garin na zuwa suna juyawa, kowace na neman nata. Sauran mutane suna kan falalen dutse, sun baza hatsin da suka tono daga rumbunan da suka faɗi, dawa duk ta yi tsiro fari-fari.

Maza suka nufi kasuwa. Suka tono wa maƙeri uwar maƙerarsa daga cikin yashi, suka rataye masa zuga-zugi a reshe suna ɗiga. Masaƙi aka taya shi warware zarensa a kan ƙaya, fari ya koma ja. Mai gishiri kuwa ba abin da aka tono masa. Gishirin da ya saya wurin ayarin arewa duk ya narke, sai tabarmin da aka naɗo shi a ciki. Yana zaune a bakin rumfarsa yana kallon awakin da suka tsira sun taru suna lasar ƙasa, ko korarsu bai yi ba. Duk da haka aka share masa rumfar, aka kafa sabuwar dirka, aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna a kai.

Mu mata muka shiga gidaje. Ba shebur, ba baro. Da fartanya da sakaina ake kankare laka, a cika kwando, a ɗora a ka, baƙin ruwa na bin wuya har gadon baya. Abin da zai wanku a kai rafi, abin da ya fashe a kai juji. A gidan wata mata mun kama tarwaɗa a cikin randa, tana iyo abinta, aka yi ta shewa ana cewa baƙuwa ta zo ba sallama. Ranar Marka in ta fito bayan ruwa cizo take, ƙasa na tururi, ƙuda ya yi yawa, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Da azahar a dama kunun dawar nan mai tsiro, zaƙi-zaƙi gare shi, a sha a ƙoƙo ɗaya ana miƙa wa juna. Da yamma mu hau dutse wurin masu gari, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, kwaɗi su ɗauka daga wannan kwari zuwa wancan. A 'yan kwanakin nan Yaya ta san sunan kowa, ta kuma san sirrin kowa.

Gida na ƙarshe a gangare na wata Bafulatana ne, Goggo Adama. Daga ruga aure ya kawo ta gari, mijin ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take, tana sayar da fura da nonon da danginta ke kawo mata. Siririya ce, ba ta da magana. Ranar da muka shiga gidanta tana can bakin rafi tana tsince ƙorenta a cikin ciyawa. Gidanta ya fi kowanne shan ruwa, ba katanga, ba danga, jinkar ma rafi ya tafi da ita, yashi ya shimfiɗe ko'ina. Yaya ta ce, "Baiwar Allah ba ta da kowa, yau za ta ga tana da mutane." Muka zage. Muka kwashe ɓaraguzan bango, muka kwashe kara da ƙaya, duk wani tsingaro da fasasshiyar tukunya muka kai juji. Har wata tsohuwar tukunya da ke kife ta kafe a ƙasa, ruwa bai iya ɗaga ta ba, Yaya ta sa fartanya ta ɓamɓaro ta tana cewa, "Ke kin fi rafi taurin kai?" Muka baje yashi, muka share, fili ya yi sumul.

Muna gamawa mai unguwa ya zo da sandarsa. Ruwa ya kwanta a unguwar sama ya zama tafki, ya hana mutane komawa gidajensu, yara a kan dutse sun fara tari. Ya ce hanya mafi kusa zuwa rafi ta filin Goggo ce. Ya kafa turke a wannan gefe, ya kafa wani a wancan, ya ce gobe da safe maza za su haƙa magudana a tsakani, zurfi har ƙugu.

Sai ga Goggo Adama ta dawo da ƙore a ka. Ta tsaya a bakin filin, ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya ba da lada." Ta sauke ƙoren, ta shiga filin tana tafiya a hankali, ido a ƙasa, ta kai ƙarshe ta juyo, ta sake komawa.

Yaya ta ce, "Goggo, me ya ɓata? Faɗi mu nema."

"Babu komai, Hansatu."

"Ko awarwaro ne? Ko 'yan kunne?"

"Babu komai."

Haka ta yi ta zagaye har rana ta yi ja. Wasu suka ce ruwan nan ya taɓa mata kai.

Kafin magariba na kai wa wata tsohuwa kunu a kan dutse, Iya Tabawa, maƙwabciyar Goggo, idonta ya tafi. Ta tambaye ni wane gida muka yi yau, na faɗa mata ina jin daɗi. Ta riƙe ƙoƙon ba ta sha ba.

"Kun dai bar tukunyar bayan ɗaki ko?"

"Wace tukunya, Iya?"

"Wadda ke kife."

Na ce mun kai ta juji. Ta yi salati. Ta ce, "'Yar nan, makwancin ɗanta ne. Ɗanta na fari, kuma ba ta sake samun wani ba. Bai kai yaye ba ya koma. Jariri ai a gida ake sa shi, a bayan ɗakin uwarsa, a kifa tukunya don kada a taka. Waɗanda suka sa shi duk sun bi shi. Kowace safiya sai ta share gefen tukunyar nan kafin ta share ɗakinta, ina jin tsintsiyarta ta katanga."

"To me ya hana ta faɗa mana?"

"Ke 'yar ina ce? Ɗan fari? Ga ta Bafulatana? Ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ranar da ya rasu tana zaune tana kaɗa nono, hawayenta ba wanda ya gani. Gobe ko a gabanta za a sa garma a kansa, wallahi ba za ta ce uffan ba. Sai dai ta mutu a tsaye."

Na sauko na gaya wa Yaya Hansai, ta zauna daɓas a kan laka. Ta ce, "Ni Hansai! Da hannuna!" Muka kira matan da muka yi aikin tare, a nuna inda tukunyar take. Wannan ta ce nan, waccan ta ce can, Yaya kanta ta nuna wuri ta sake nuna wani. Fili ne fetal, ba bango ba bishiya, kuma mun share shi da kyau, kaiconmu da iya shara. Na ce mu gaya wa mai unguwa. Yaya ta harare ni.

"Ya tara maza a kanta yana tambaya, Adama ina aka sa ɗanki? Abin da ta yi shekara da shekaru tana rufewa mu tone shi a bainar jama'a? Kuma ita ma ba ta san wurin ba, ba ki ga tana nema ba? Ruwan nan kuwa dole ya fita."

Ta kalli gindin tsamiya inda kayan itacen nan suke tare. Can ta ce, "Gobe daɓe za mu yi."

Tun da sassafe ta aika aka kwaso madaɓai. Ta tara mu ta yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce in an haƙa kabari akwai ƙaramin rami a ciki, shi ake rufewa da itace da fasassun tukwane kafin a mayar da ƙasa, wurin ba ya taɓa cikewa sarai. Ta ce, "Duk wadda ta saba daɓe ta san ƙasa mai rami. Hannu ke ji kafin kunne. Kada wadda ta buga da ƙarfi. Ku buga kamar kuna lallaɓa yaro ya yi barci."

Mun durƙusa ke nan sai ga maza da garma da dagi, mai unguwa a gaba.

"Hansatu, mene ne haka?"

"Daɓe ne, ranka ya daɗe."

"Daɓe? A Marka? A filin da ba ɗaki ba jinka? Ina tsakuwarku, ina makubar yayyafawa?"

"Baba, Goggo za ta kafa bukka, ba za ta kwana a kan taɓo ba."

"To ai ta nan za mu haƙa!"

"In mun gama ku haƙa."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, Yaya ta ɗaga murya ta saki waƙa. Waƙar daɓe kuwa kowa ya sani ba ta jin kunyar kowa, shi ya sa namiji mai mutunci ba ya tsayawa kusa. Ta fara da masu garma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya haye dutse ya bar matarsa da ɗaukar akuya, wanda ya gudu da wando a hannu, har ta iso kan rawanin mai unguwa. Abin da ta faɗa a nan ba zan maimaita ba, bakin nan ya je Makka. Mu dai muka amsa. Kafin a yi nisa maza sun watse, mai unguwa na tafe yana waiwaye yana cewa, "Zuwa azahar! Azahar na yi za mu dawo, ko kun gama ko ba ku gama ba!"

Muka jeru kafaɗa da kafaɗa, gwiwa a ƙasa, muna bugawa muna matsawa gaba. Goggo Adama ta ɗauki ƙorenta ta koma gefen wani ɗan ruwa da ya kwanta, ta juya mana baya, tana cuɗa su da yashi. Ba ta tambaye mu ba, ba mu gaya mata ba. Da maza suka yi nisa waƙar ta fara sauka, kalmomi suka zube, sai amo kawai a maƙogwaro, daga baya shi ma ya ɗauke. Sai ƙarar madaɓai, tim, tim, tim, dutse na mayar mana da ita, ji nake kamar dukanmu ƙofa ɗaya muke ƙwanƙwasawa. Rana ta hau. Ƙasa na tururi, gumi na ɗiga daga haɓa. Wasu ƙananan malam-buɗe-littafi rawaya suka sauka a kan danshi a gabanmu, mu matsa su tashi, su sake sauka. Na daina jin gwiwoyina, na daina jin yunwa.

Mun kai ƙarshen fili ba mu ji komai ba. Muka juyo ta gicciye. Wata ta ce ta ji, aka taru, ashe ramin gafiya ne. Inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin mutum. Can gindin tsamiya maza sun fara taruwa, ina jin mai unguwa na gyaran murya. Yaya ba ta ɗaga kai ba, ni kuwa tsoro ya kama ni.

Sai madaɓina ya sauka a wani wuri, ƙasa ta amsa da wata murya. Ba tim ba. Wani sauti ne mai zurfi irin na tulun da ba ruwa, ya biyo itacen ya hau hannuna har kafaɗa. Na sake bugawa a hankali, ta sake amsawa. A daidai nan abin da ke cikina ya motsa, motsinsa na farko, ɗan ƙanƙane. Na ɗaga ido sai na ga Goggo Adama, bayanta a gare mu, hannunta ya tsaya. Ƙwaryar da take wankewa ta kuɓuce ta tafi a kan ruwa, ba ta bi ta ba.

Yaya ta rarrafo, ta karɓi madaɓin ta gwada, ta gwada gefe da gefe, ta shafa wurin da tafin hannu. Daidai tsakanin turakan mai unguwa ne. Ta tashi ta ɗauko sabuwar tukunyarta, ta ajiyar aure, ta kife ta a wurin, ta tara ƙasa a gefenta ta danna. Sannan ta goge ido da bakin zane ta ce, "To, me kuka tsaya yi? Daɓe bai ƙare ba." Ta ɗauki waƙa da muryarta a dishe, muka ƙarasa filin.

Da aka idar da azahar mai unguwa ya zo da mutanensa. Ya ga tukunya a kife a kan hanyarsa. Ya dubi tukunyar, ya dubi Yaya, ya dubi bayan Goggo. Dattijo ne, a garin aka haife shi. Ya ce, "Ashe." Ya tsuguna ya cire turkensa da kansa, ya ce, "A karkata ta yamma."

Wani cikin masu garma ya ce, "Baba, can ai tsakuwa ce da dutse, yini za mu yi."

"Na ce a karkata."

Sai da rana ta kusa faɗuwa suka fasa. Ruwa ya taho ja yana gudu, ya zaga filin Goggo ya faɗa rafi, matan kan dutse suka yi ta guɗa.

Ba mu tona ba, ba mu gani da ido ba. In aka ce in rantse shi ne a wurin, ba zan rantse ba. Amma washegari da sassafe, muna ɗaure kayan komawa gida, na ji ƙarar tsintsiya. Goggo ce a sunkuye tana share gefen tukunyar, a hankali, tana zagayawa.

Ta raka mu har bakin rafi. Ta ce, "Hansatu, tukunyarki."

"Wace tukunya? Ni ban zo da tukunya ba, Goggo."

Ta juyo gare ni ta miƙo mini ƙoƙon nono, na farko da ya iso daga ruga tun da ruwa ya yanke hanya. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sha. Kuma ki daina ɗaukar kwando mai nauyi." Kunya ta kama ni, na rufe fuska da zane. Ashe ta gani. Ta ɗan waiwaya wajen da tukunyar ke kife, sannan ta ce, "Wancan ma yana son waƙa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta juya ta koma.

Nawa ya zo bayan an gama kai amfanin gona gida. Ya ga damina ɗaya, ta biyu ta zo da zazzaɓi ta tafi da shi, yana cikin koyon gudu. Ban yi kuka a gaban kowa ba, haka aka koya mana. Aka sa shi a bayan ɗakina. Da mutane suka watse Yaya Hansai ta shigo da tukunya a hannu, ta kife ta a wurin. Waɗanda suka biyo bayansa Allah ya raya su, su ne suka rushe ginin ƙasa suka yi na siminti, suka sa kwano. Da magini ya zo da igiyarsa na ce a bar mini lungun nan, suka ce tsohuwa da rigima, suka bari. Inna ta tafi, Yaya ta tafi, mai gidan ya tafi. Yau a duniya ba wanda ya san fuskarsa sai ni. Kuma ina kewarsa, wallahi, ni da nake da tattaɓa-kunne.

Da la'asar yaran suka gama. Tsakar gida ta fito fes. Suka sha ruwan leda, suka ɗauki hoto da waya, suka tura baronsu gida na gaba. Ummi ta tsaya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, laka har gwiwa, ta ce, "Kaka, don Allah, mene ne a ƙarƙashin tukunyar?"

Na buɗe baki. Sunan ya taso har kan harshena, ya tsaya nan. Na ce, "Miƙo mini tsintsiya."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta tashi ta ɗauko tsintsiyar, amma ba ta miƙo mini ba. Ta shiga lungun ta sunkuya, ta fara share gefen tukunyar, a hankali, tana zagayawa, ba ta taɓa ta ba.